C300, IS250 ko 328i: wacce aljihu zai iya riƙewa a titin Kaduna?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, tambayar farko da ake yi wa dillalin mota ta canja. Da can lafiyar inji da giya ake fara tambaya, esi na sanyi? takardun kwastan sun cika? Yanzu kafin duk wannan sai kaji an ce "ya shan manta?" Kuma ai dole, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ma har ta haura dubu a gidajen mai da yawa. Matsalar ita ce amsar da ake ba mai saye kusan kullum ɗaya ce, "yallaɓai ai wannan ba ta shan mai", sai mutum ya biya miliyoyi, wata biyu kaga ya ajiye motar a gida yana hawa Keke zuwa aiki, abin babu daɗi wallahi.

Motocin da nake magana a kai su ne waɗannan na gayu masu ƙarfi da matasanmu da ƙananan alhazai suka fi nema, Benz C300, Lexus IS250 da yayarta IS350, BMW 328i, sai kuma Infiniti G37 da wasu ke so saboda ƙarfinta. Duk masu ƙofa huɗu ne, duk asalinsu da tayar baya suke ja, duk za su fidda ka kunya a wajen ɗaurin aure. Amma a gidan mai ba ɗaya suke ba, kuma abin da ya fi rikita mutane, sunan na iya zama ɗaya injin daban.

Bari in fara da lambobin, dan nan ake fara yaudarar kai. Yawancin Beljiyam ɗin da ke shigo mana daga Amurka suke, su kuma da mil da galan suke awo. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, galan ɗinsu lita 3.8 ne, so idan kaga an rubuta mota na yin mil 20 a galan, ka ninka da 0.425, zai ba ka kilomita 8.5 a lita. Ka kuma kula, galan na Ingila ya fi na Amurka girma, lita 4.5 ne, shi yasa idan ka kalli bidiyon ɗan Ingila yana yabon motar sai kaga lambar ta kumbura, kai kuma ka ɗauka taka ma haka za ta yi. Na Turai kuma lita nawa a kilomita 100 suke rubutawa, nan sai ka raba 100 da lambar, idan sun ce lita 10 to kilomita 10 a lita kenan. Lambobin da zan kawo na hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ne na mayar da su kilomita, dan sun fi tsofaffin lambobin Turai kusa da gaskiya.

C300 ta 2008 zuwa 2012, wadda ake kira W204, injinta V6 ne, wato silinda shida, mai lita 3.0, doki 228, giya bakwai. A takarda wajen kilomita 7.6 take yi a lita cikin gari, a babban titi kuma 10.6 zuwa 11. Tankinta lita 66. A 2013 da 2014 an canja mata inji zuwa 3.5 mai doki 248, ya fi girma amma ya fi tsimi, wajen 8.5 a gari da 11.5 a hanya, sai dai daga 2012 duk C300 ta Amurka 4MATIC ce, wato taya huɗu ke ja, akwai ƙarin nauyi da ƙarin ƙarafa masu juyawa. Sai C300 ta 2015 zuwa sama, W205, wannan kam wata mota ce daban gaba ɗaya, silinda huɗu, lita 2.0 da turbo, doki 241, a takarda 10.6 a gari da 14.5 a hanya idan ba 4MATIC ba ce. Kaga mutum biyu za su iya zama a majalisa ɗaya, kowa na da C300, ɗaya na rantsuwa ba ta sha ɗaya na rantsuwa ta talauta shi, kuma duk gaskiya suke faɗa.

BMW ma haka labarin yake. 328i ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira E90, silinda shida ne a jere, lita 3.0, doki 230, ba turbo, giya shida. Cikin gari 7.6 kamar tsohuwar C300, amma a hanya ta fi ta, kusan 12. Daga 2012 aka kawo F30 mai silinda huɗu da turbo, doki 240, giya takwas, wajen 9.8 a gari da 14 a hanya. Tankin duk biyun wajen lita 60 ne, ya fi na Benz ƙanƙanta, shi yasa wasu ke ganin kamar allurar mai ta fi saurin sauka.

Lexus IS250, ta 2006 zuwa 2013 da ta fi yawa a nan, V6 ce ƙarama mai lita 2.5, doki 204, giya shida, tanki lita 65. A takarda 8.9 a gari, 12.3 zuwa 12.7 a hanya. Mai jan taya huɗu ta sauka zuwa 8.5 da 11. IS350 kuma lita 3.5, doki 306, waɗanda suka fito kafin 2011 wajen 7.6 a gari da 10.6 a hanya, wato daidai da tsohuwar C300 a shan mai amma ta fi ta doki kusan 80. Wannan abin mutane ba sa lura da shi. G37 lita 3.7 ce, doki 328, a takarda wajen 8 a gari da 11.5 a hanya, tanki lita 76, kuma kamfanin da ya sa wa mota irin wannan tankin ya san abin da ya ƙera.

To wannan na takarda ne. A gwajin cikin gari na EPA matsakaicin gudun mota kusan kilomita 34 ne a awa. Yanzu ka tuna kanka da ƙarfe biyar na yamma a Ahmadu Bello Way wajen Kasuwar Gumi, ko kana son tsallaka gada zuwa Barnawa ko Sabon Tasha lokacin tashi daga aiki, ko shiga Rigasa ranar da jirgin Abuja ya sauke mutane, ga Keke ta dama ta hagu, ka matsa taku goma ka taka birki, wani lokacin ma kana tsaye cak esi na aiki. Mota a tsaye da inji a kunne kilomita sifiri take yi a lita, kuma V6 da esi na iya shan lita ɗaya zuwa biyu a awa ba tare da ta motsa ba. Wanda ke zuwa ɗaukar yara a makaranta ya zauna minti talatin a mota da sanyi kullum, ya lissafa wannan a wata ya gani. Sannan ga zafinmu. Tun 2008 EPA ta sa gwajin esi a lissafinta, a zafin digiri 35, amma ɓangare ɗaya ne cikin gwaje-gwaje biyar, mu kuma a Maris da Afrilu daga ƙarfe goma na safe har magariba kwamfuresa ba ya hutawa, musamman baƙar mota mai kujerun fata da ta wuni a rana. Ita kanta ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi esi na iya rage tsimin mai da sama da kashi 25 cikin ɗari, musamman a gajerun tafiye-tafiye. Gajerun tafiye-tafiye kuwa su ne rayuwar ɗan Kaduna, daga Unguwar Rimi zuwa ofis a Independence Way, daga Malali zuwa Kawo, kafin inji ya gama ɗaukar zafi ka iso.

Shi yasa ni in zan yi wa mutum lissafi, nakan ɗauki lambar cikin gari in zaftare kwata. Ƙiyasi ne na tsara kasafi, amma ya fi ka dogara da bakin dillali. In ka yi haka tsohuwar C300 da E90 da IS350 duk sun sauko wajen 5.7, G37 wajen 6, IS250 wajen 6.7, F30 wajen 7.3, sabuwar C300 wajen 8. Mu ce kana yin kilomita 1,000 a wata cikin gari, kuma mu sa lita a naira 1,000 dan lissafi ya yi sauƙi, kai sai ka sa farashin da kake sha yau. Tsohuwar C300 za ta ci lita 175, naira 175,000 kenan. IS250 wajen lita 150. F30 wajen 137. W205 wajen 125. Tsakanin tsohuwar C300 da IS250 lita 25 ne a wata, lita 300 a shekara. Tsakanin tsohuwar C300 da sabuwa lita 50 a wata, lita 600 a shekara, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuɗin makarantar yaro ne a gidaje da yawa.

A hanya kuma tazarar na tsukewa. Kaduna zuwa Abuja wajen kilomita 190 ne, zuwa da dawowa 380. Da lambobin takarda tsohuwar C300 lita 36, G37 33, E90 32, IS250 31, F30 27, W205 26. Lita goma ne tsakanin ta sama da ta ƙasa. Amma fa wannan in kana tafiya 100 zuwa 110 ne, kuma mu faɗi gaskiya ba dan tafiyar 100 ake sayen irin waɗannan motoci ba. Da an wuce Kawo an kama hanyar Zariya, titi ya miƙe wajen Jaji, sai ƙafa ta yi nauyi. Iskar da mota ke turawa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, daga 110 zuwa 160 turjiyar iska ta ninka biyu har da ɗoriya, kuma duk da mai ake biyanta. Mai ƙure maleji daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 230 da wani abu, ko wace mota ya hau lambar cikin gari zai gani a hanya, banda hatsarin da yake jefa kansa da mutane a ciki, ga tireloli ga masu tsallaka titi a ƙauyuka.

Akwai wani abu game da masu turbo ɗin da nake so mai saye ya fahimta sosai, dan su ne lambarsu ta fi kyau a takarda kuma su ne suka fi saurin ba mutum mamaki. Ƙaramin inji mai turbo yana tsimi ne muddin turbon bai shiga aiki da ƙarfi ba. Kana lallaɓa totur, inji ne na lita 2.0, yana sha kamar lita 2.0. Ka danna, turbo ya cusa iska, kwamfutar mota ta ƙara mai daidai da iskar, wani lokacin ma ta ƙara fiye da haka dan ta sanyaya cikin silinda kar wani abu ya ƙone. Doki 240 doki 240 ne, ko daga silinda huɗu ya fito ko daga shida sai an ciyar da shi. So mai tuƙin tashi da ƙarfi a kowace danja, ya sha gaban wannan ya taka birki a bayan wancan, ba zai ga wannan tsimin ba, zai ga abin da bai fi na V6 da komai ba. Tsimin F30 da W205 na mai sanyin ƙafa ne da mai yawan tafiyar hanya, inda giya ta takwas ko ta tara ke sauke juyin inji ƙasa sosai (C300 ɗin W205 ta Amurka daga 2018 giya tara gare ta, kafin nan bakwai).

Sai maganar man kansa. Duk motocin nan an ƙera su ne dan man da Amurkawa ke kira mai lambar inganci 91, wanda a ma'aunin RON da mu da Turai ke amfani da shi ya kama wajen 95. Mu kuma fetur iri ɗaya ake sayarwa a famfo, ma'auninsa wajen 91 RON, daidai da ƙaramin man Amurka mai lamba 87. Motar za ta tashi za ta yi tafiya, dan akwai na'urar da ke sauraron ƙarar ƙwanƙwasa a inji, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi. Amma jinkirin nan ƙarfi yake ragewa, kai kuma sai ka ƙara danna totur dan ka samu abin da ka saba, mai ya ƙara tafiya. A zafi da esi da kaya a mota abin ya fi fitowa, kuma masu turbo sun fi jin jiki. IS250 ma ba ta tsira ba, matsin injinta 12 ne da 1, babba ne. In ka haɗa da man 'yan bumburutu na jarka da ba ka san me aka zuba ba, to ka nemi rigima da famfon mai da nozul, kuma ba mu manta gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 mai yawan methanol ba, wanda ya kwantar da motocin mutane. Da irin waɗannan motoci ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su.

Inda na fi so in daɗe shi ne lafiyar motar, dan a gani na nan ne rabin kukan shan mai yake fitowa. IS250 da aka lalata za ta iya shan mai fiye da G37 mai lafiya. Abu na farko al'adar nan ta cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai dan ƙasarmu da zafi. Mota ta shigo daga waje lafiya lau, a kai ta gareji juyen baƙin mai na farko, bakanike ya ce "oga a cire wannan, na ƙasar sanyi ne", a cire, a ja waya a haɗa fanka da makulli. Injin nan an tsara shi ya yi aiki ne a zafin wajen digiri 90, in ruwan lagireto bai kai nan ba kwamfuta na ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba mai da yawa kamar da asuba, a lokacin hunturu kuwa da sanyin safiya abin ya fi muni, za ka iya zuwa har ofis inji bai kai zafinsa ba. Kana sayen mota ka sa a tayar da ita da sanyi ka tsaya a gaba ka saurara, in fanka ta tashi da ƙarfi daga murɗa makulli alhali esi a kashe yake, an taɓa wayar. Ka yi tafiyar minti goma sha biyar ka kalli allurar zafi, in ba ta hau inda ya kamata ta tsaya ba, ko tana sauka in kun hau babban titi, tamostat ba ya nan ko ya mutu a buɗe. A 328i ta E90 babu ma allurar zafin ruwa a dashbod, abin da ke ƙasan agogon juyin inji ƙaramar allurar shan mai ce, so ita sai an jona na'urar sikanin za a ga zafin.

Na biyu, ka zagaya baya ka sa yatsa cikin bakin salansa bayan ta huce. Ɗan toka-toka ba komai, kuma masu feshin mai kai tsaye cikin silinda irin IS250 da F30 da W205 dama sukan yi ɗan baƙi. Amma in yatsa ya fito da baƙi kauri kamar gindin tukunyar da aka yi girki da itace, ga warin ɗanyen fetur na tashi in tana tsaye a kunne, wannan motar na zubar da mai ne ba tare da ta ƙona shi ba. Yawanci na'urar auna iskar salansa ce ta gaji, ko na'urar auna iskar da ke shiga inji ta sha ƙurar hunturu, ko fulogi da kwayil sun mutu, ko nozul na ɗiga. Indomin salansa kuma, wato matatar hayaƙin nan da ake yankewa a sayar, in ta toshe mota ba ta ja kuma tana shan mai, in an cire ta fitilar inji ta kunnu ta zauna, daga nan duk wata sabuwar matsala da ta taso ba ka da yadda za ka sani dan fitilar dama a kunne take. Akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta kafin su sayar, so ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka tabbatar ta kawo, sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi. Kar ka sayi ko ɗaya cikin motocin nan ba a yi mata sikanin ba, kuɗin sikanin bai kai na rabin tanki ba.

Taya ma na da nata kason. Ana son a sa rim 19 mai faɗi dan kyau, nauyi ya ƙaru, jan ƙasa ya ƙaru, ga ramukanmu na cikin unguwa da ke lanƙwasa shi. Iskar taya kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kar ka bar mai faci ya auna da bugun hannu.

Yanzu in aka ce in zaɓa. Wanda rayuwarsa cikin gari take, gida ofis kasuwa makarantar yara, Abuja sai jefi-jefi, kuma albashi yake jira, IS250 mai jan tayar baya zan ce masa. Ba ita ce ta fi tsimi a takarda ba, W205 da F30 sun fi ta, amma ita ce abin da ka tsimi a gidan mai ba ya zurarewa a gareji. Lexus gidan Toyota ne, kayan gyaranta ba sa wuya a Panteka, masu iya taɓa ta suna da yawa. Aibinta sananne ne, feshin kai tsaye kawai gare ta, so datti na taruwa a bayan bawul ɗin shan iska, musamman motar da ba ta fita hanya, in ya taru sai ta fara karkarwa a tsaye kuma shan mai ya hau, sai an buɗe an wanke. Sannan kujerar baya a matse take, mai iyali babba ya shiga ya zauna a baya kafin ya biya. Kuma ba ta da wani ƙarfin a zo a gani, doki 204 a jiki mai nauyi, in ka ce sai ka matsa mata ta yi abin da IS350 ke yi to za ta sha kamar IS350.

Shi yasa wanda ƙarfi yake so da gaske nake ce masa ya tafi IS350 kai tsaye ya san ya shirya wa man. Ita feshi biyu gare ta, na cikin silinda da na bakin bawul, na biyun yana wanke bawul ɗin so matsalar dattin nan ba ta dame ta kamar ƙanwarta ba. In dai za ka sha lita 175 a wata, gara ka sha a kan doki 306 da ka sha a kan 228. G37 ma ƙarfin na nan har ya fi, amma motar na zuga mai ita, da wuya ka ga mai G37 da ke lallaɓa ta, kuma kayanta da masu gyaranta ba su kai na Lexus yawa a garin nan ba. Ba zan ba wanda ke tambayar shan mai shawarar ta ba.

Tsohuwar C300 mai 3.0 ita ce ta fi jan ido a kuɗinta, tauraro a gaba, ga nauyi a titi, zama a cikinta daɗi, kuma na san da yawa ita zuciyarsu ke so ko me za a faɗa. Ba laifi, amma a shiga da ido buɗe, a shan mai tana layin ƙarshe a gari da hanya duka, in 4MATIC ce ma ta ƙara. Mu ba ƙanƙara muke da ita ba, jan taya huɗu a Kaduna kaya ne kawai kake ɗauka kana biya masa mai. Waɗanda suka fito da wuri kuma, na wajen 2008, a duba lambar inji saboda matsalar haƙorin balans shaf da aka san injinta M272 na farko da ita, gyaran sai an sauke inji. In Benz ɗin ce dole kuma kuɗin W205 bai kai ba, akwai C250 ta 2012 zuwa 2014, jiki ɗaya da W204, inji 1.8 da turbo, doki 201, a takarda wajen 9 a gari da 13 a hanya, ko kuma C300 ta 2013 da 2014 mai sabon injin. Duk biyun sun fi mai 3.0 sauƙi a famfo.

E90 328i motar hanya ce. A gari ba ta fi C300 da komai ba, amma mai zirga-zirgar Zariya ko Kano zai ji daɗinta, silinda shida a jere santsi gare shi kuma ba turbo da zai dame ka da ingancin mai sosai. Sai dai shekaru sun ja, ƙaramarsu ta 2011 ce, famfon ruwanta na lantarki ne yana iya mutuwa ba sallama, ga yoyon baƙin mai ta gasket da aka san su da shi. Dole ka samu bakaniken da BMW ce sana'arsa.

F30 da W205 kuwa su ne na wanda ke Abuja kusan duk mako, ƙafarsa da sanyi, kuma yana da halin juye a kan lokaci da baƙin mai na asali irin wanda kamfani ya rubuta, ba na kwalbar bakin titi ba. A irin wannan hannun lita 50 ɗin nan ta wata gaskiya ce. Amma kuɗin sayensu ya fi na sauran da miliyoyi, so ka raba bambancin farashin da abin da za ka tsimi a shekara ka ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya dawo, sau da yawa za ka ga ya fi shekarun da za ka riƙe motar. Kuma injin N20 na F30, musamman na kafin 2015, an san shi da matsalar robar da ke riƙe sarƙar taimin, in ta fashe ba a kula ba inji ne ya tafi, gyara ɗaya irin wannan ya cinye tsimin shekara biyu. Tsakanin su biyun a shan mai kusan kunnen doki ne, Benz ta ɗan fi a takarda, sai ka bi wadda ka samu mai lafiya da wadda kake da mai gyaranta a kusa.

Duk wadda ka tsayar, kar ka yarda da lambar da dashbod ke nunawa ranar da ka je dubawa. In daga Legas ko Kwatano aka tuƙo ta, lambar doguwar hanya ce ta zauna a kai, kuma ko ba haka ba kwamfutar mota ta fi son ta faɗi abin da ya ɗan fi gaskiya daɗi. In mai motar ya yarda, ko kuma a makon farko da ka karɓa, ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya katse da kansa karo na farko, kar a ƙara ɗurawa, ka mayar da ƙaramin malejin sifiri, ka yi harkokinka yadda ka saba da esi da gosulo da komai, in ta kai rabi ka koma gidan man nan, famfon nan, ka sake cikawa. Ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga, in malejin da mil yake ƙirga ka fara ninkawa da 1.6. Famfo ɗaya nace saboda ba duk lita ce ke cika lita ba a wasu wuraren. In V6 ce ka samu wajen 6 zuwa 7 a cikin gari, lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. In ka ga 4 ko ƙasa da haka, a fara duba tamostat da fanka, sannan a jona sikana kafin ka sake zuba mata ko lita ɗaya.